Ruwan Ƙarfe da Hannun Baba

3 ga Maris

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan takardar nan ta iske ka lafiya, kai da mutanen jirginku. Mu nan lafiya lau muke. Umma ta ce in faɗa maka ƙafarta ta yi sauƙi, ta daina ɗaure ta. Ta ce kuma in tambaye ka ko ruwan teku ne ya wanke maka lambar waya.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna. Duk ran da ka kira aka miƙo mini waya, "lafiya lau" kaɗai ke fita, sai bakina ya ƙi. Ga shi wayar ta Baba ce, yana zaune ake magana. Direba maƙwabcinmu ya ce duk sati yana kai kaya ofishin kamfaninku, in na ba shi takarda za a ajiye maka har jirginku ya tsaya. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda karatuna ya tsaya.

Yanzu ni ke zama da Baba a shago. Da can shara ce aikina, da busa ƙura daga fankoki. Yanzu yana ba ni sukundireba. Shagon yana nan yadda ka bar shi, da teburin nan mai tabon ƙuna, da fitila mai dogon wuya, da kwalin matattun katunan kwamfuta na ƙarƙashin tebur wanda Baba yake kira maƙabarta. Har yanzu mutane suna kawo kwamfutocinsu a ƙara musu gudu.

Akwai wata mata, Anti Mai Taswira, da ke zana gidaje a kwamfuta kafin a gina su. Ta ce in ta gama zane ta sa kwamfuta ta fito da hoton, sai ta je ta yi wanki ta shanya ta dawo bai gama ba. Baba ya duba ya ce katin hotonta doki ne da aka dabaibaye. Ya ce ta kawo bayan sati uku, in ta miƙa aikin da ke hannunta.

Ga abin da ya sa na rubuto. Baba ya ce wannan karon ni zan shafa ruwan ƙarfe, wanda ke cikin ɗan sirinjin nan, mai ƙyalli kamar zaiba. Ban taɓa yi ba. Ya yi mini bayani sau ɗaya, da sauri, kuma ka san shi ba a tambayarsa sau biyu. Kamar yaya ake ɗiga shi? Da me ake shimfiɗa shi? In ya gangara fa?

Umma kaɗai ta san da takardar nan. In ka kira kada ka ambace ta. Har yau in sunanka ya faɗo a hira, Baba cewa yake "wancan da ya bar tebur ya bi ruwa", sai ya sake magana.

Allah ya tsare mana kai.

'Yar yayarka


15 ga Maris

Shiru-shiru,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, sai ɗan mura da iskar teku ta bar mini. Da aka miƙo mini ita a ofis sai da na juya ambulan sau uku, ina cewa wa ya san ni da zai ɓata biro a kaina. Ashe ke ce. Ashe bakin ne kawai a kulle, hannun akwai surutu. Ki gaida Yaya, ki ce mata lambar tana nan, waya ce ba ta kamawa a tsakiyar ruwa.

Na ji daɗi da Maigida, babanki, ya fara ba ki aiki. Ni sai da na shekara ina shara kafin ya bar ni na taɓa sirinjin nan. Ke da goshi kika zo.

To saurara. Ruwan ƙarfe ba man shafawa ba ne. Kada ki matsa sirinjin a kan kati, yana da halin tsartuwa. Ki ɗiga a murfin roba tukuna, ɗigon da bai fi kan allura ba, sannan ki ɗauka da tsinken auduga ki yi ta murzawa a hankali. Da farko zai dunƙule ya ƙi, kamar yaron da aka ja makaranta ranar farko. Kada ki ƙara masa, ki ci gaba da murzawa har ya kwanta ya yi kamar madubi. In kika ga ya taru kamar tafki, ya yi yawa, ki rage. Kafin duk wannan ki shafe abin da ke kewaye da jan farce mara launi, ki bari ya bushe sarai. Wuta tana bi ta cikin ruwan nan. Ɗigo ɗaya ya gangara inda bai dace ba, katin ya tafi maƙabarta ke nan. Jan farcen ki ɗauko na Yaya. Mu ma nata muka yi ta ƙararwa, har yau tana zargin maƙwabciya.

Inda Maigida ya nuna miki, nan za ki sa, kada ki yi shakka. Tsakanina da shi akwai abin da ke akwai, amma a kan aiki ban taɓa ganin ya nuna wurin da ba daidai ba. Na ga injiniyoyi masu manyan takardu a jirgin nan, babu wanda hannunsa ya kai nasa tsayawa. Mutumin da yake cire murfin firosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, da reza yana hira da baƙo, ko kallon hannun ba ya yi.

Jibi za mu tashi, sati biyu mu dawo in Allah ya yarda. Ki rubuto mini yadda kuka ƙare.

Kawunki na kan ruwa


27 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan murar ta sake ka. Duk muna lafiya. Umma ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka. Da na karanta mata maganar jan farce ta ce ashe ku ne, kuma Allah ya isa na shekara goma.

Shekaranjiya aka yi aikin. Anti Mai Taswira ta kawo kwamfutar da safe. Na cire katin, na kwance sukurori goma sha huɗu na jera su a faranti yadda suka fito. Da muka ɗaga fankokin, Baba ya ce in jawo gilashin ƙara girma. Ya nuna mini wasu 'yan abubuwa guda uku kusa da inda wayar wuta ke shiga, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya ce sunansu rezista, amma shi masu gadi yake ce musu. Su ke auna wutar da katin yake sha, in ta kai iyakar da masu ƙera shi suka sa, sai su kai ƙara, katin ya rage gudu. Ya ce in an shafe bayansu da ruwan ƙarfe daga kai zuwa kai, wuta za ta samu hanya ta gefe, mai gadi ya ga kaɗan ya yi shiru, katin ya sha ya ƙoshi.

Na tambaye shi a hankali ko ba da dalma ake liƙa wani mai gadin a kansu ba, kamar yadda na ga kuna yi ina ƙarama. Ya ce an daina yayin wannan.

Na bi duk yadda ka ce. Ya dunƙule ɗin kuwa, har na kusa yin dariya da na tuna maganarka. Baba yana tsaye a bayana, hannayensa a aljihu, yana cewa "hagu", "ya isa", "ƙara kaɗan". Ko ɗigo ɗaya na ruwan bai gangara ba. Muka ƙara ƙaramar fanka a bayan katin, muka rufe. Baba ya faɗa mini lambobin da zan ɗaga a allo, kaɗan-kaɗan, muna tsayawa mu ga ko hoton zai yi ɗige-ɗige. Zafinsa bai wuce digiri saba'in da ɗaya ba.

Da rana Anti ta dawo ta sa hoton wani gida mai hawa uku. Wanda yake cin minti arba'in ya fito a talatin da huɗu. Ni na ga kamar ba yawa, amma ta ce a hoto ashirin awa biyu ke nan, za ta riƙa iske 'ya'yanta kafin su manta kamanninta. Ta ce wa Baba, "Mai Gyara, hannun nan naka Allah ya bar mana shi." Baba ya ce amin. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Ke ba kya magana ne?" Baba ya ce, "Tana yi. Bara ma ta yi sau ɗaya."

Bayan ta tafi ya daɗe yana kallon yatsuna. Ya ce, "Wannan hannu ne. Ba irin na kawunki ba, da ya yi wata shida yana ƙona mini tebur." Ban san ko ya dace in rubuta maka wannan ba. Amma a shekara uku wannan ne karo na farko da ya ce "kawunki".

Na gode, Kawu.

'Yar yayarka


5 ga Mayu

Kawu,

Ina fatan lafiya kake. Mu lafiya, sai dai Umma da ta fara damuwa da shirunka.

Sati biyu ka ce, yau sati biyar da kwana huɗu da na ba Direba takarda. Duk ran da ya dawo sai in tsaya a ƙofa kamar ina shara. Jiya ya ce mini, "'Yar Mai Gyara, ƙofar nan ta fi asibiti tsabta, ki huta. Babu komai."

In maganar ƙona tebur ce ta ɓata maka rai, ka yafe mini. Da murmushi Baba ya faɗa, ni ce ban iya rubuta murmushin ba. Da na sani da na bar ta.

Anti Mai Taswira ta biyo ran Laraba ta kawo mini alƙalami mai launi huɗu. Ta ce ta ba abokan aikinta labari, biyu daga cikinsu za su kawo katunansu ƙarshen wata a yi musu irin nata. Baba ya ce su kawo. Ya sayo sabon sirinji.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

'Yar yayarka


12 ga Mayu

Shiru-shiru,

Lafiyata ƙalau, ki kwantar wa Yaya da hankali. Injin jirgi ne ya ba mu wahala, muka yi sati biyar a wata tasha da takardunmu ba sa zuwa. Yau naki biyu suka same ni tare. Ban yi fushi ba ko kaɗan. Gaskiya ya faɗa, rabin tabon teburin nan nawa ne.

Amma ta farkon na karanta ta sau biyu a tsaye, sannan na nemi wuri na zauna. Laifina ne. Da kika tambaye ni yadda ake shafa ruwan ƙarfe, na ɗauka a kan ƙwaƙwalwar katin za a sa, ƙarƙashin tagullar da ke kwashe zafi, inda muka saba sa shi. Ban tambaye ki ina ba. Na buɗe baki na yi ta zuba kamar malami.

Ki karanta nan da kyau. Ruwan ƙarfe yana cin dalma, kuma dalma ce ta riƙe masu gadin nan a jikin kati. A hankali yake shigarta har ta rube ta yi gari, daga sama ba a ganin komai. Ko wata biyu, ko wata biyar, babu wanda ya sani. Ga katin a kife yake cikin kwamfuta, yana zafi yana hucewa kullum. Ran da ɗaya ya saki ya faɗa, ko ruwan ya gangaro, in an yi sa'a katin ya mutu shi kaɗai. In ba a yi ba ya ja wasu.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne, Maigida ya san wannan. Shi ya koya mini. Wani ya taɓa kawo mana kati da aka yi wa haka a wani wuri. Maigida ya taɓa mai gadin da tsinke ya faɗo, ya ce wannan aikin raggaye ne marasa tsoron Allah, ya sa na tsaya na kalla har na ƙoshi. Mutumin da ya faɗi haka ba zai sa ki yi ba don wai an daina yayi. Kin ce yana tsaye hannayensa a aljihu. Shekara bakwai na yi a shagon nan, ban taɓa ganin Maigida da hannu a aljihu a gaban buɗaɗɗen kati ba.

Me ya sami hannunsa?

Ko mene ne, a karɓo katin matar nan. A goge ruwan da sifirit, a cire masu gadin, a kwashe tsohuwar dalmar duka, a sa sababbi, sannan a liƙa na biyu a kansu da dalma yadda ake yi. Na abokan aikinta kuwa kada a taɓa su da ruwan nan. Ke ba ki yi laifi ba, kin ji ko.

Kawunki


22 ga Mayu

Kawu,

Na gode Allah da kake lafiya. Umma ta yi barci da kyau ran da na faɗa mata. Sauran takardar ban karanta mata ba.

Hannunsa na dama ne, rawa yake yi. Tun watan Disamba. Da kofin shayi na fara gani, ya riƙa cika shi rabi. Daga baya yana cire murfin firosesan shago, namu ba na kowa ba, reza ta zame ta yanke. Ya ce rezar yanzu ba ta da kyau, ya jefa shi maƙabarta, ya rufe shago da wuri. Tun ran nan ƙarfen dalma yake rataye a ƙusa. In zai sa hannu a takarda sai ya danne na dama da na hagu. Umma ta ce asibiti, ya ce sanyi ne zai wuce. Na ji yana ce mata shagon nan ba shi da wani kaya sai hannunsa, ran da aka ji yana rawa babu mai miƙo masa kati.

Shi ya sa ban faɗa maka ba. Na ɗauka ina rufa masa asiri ne.

Kwana huɗu ke nan takardarka tana ƙarƙashin katifata. Kullum a hanyar shago ina shirya maganar, ina bayansa ina motsa baki. Da ya buɗe ƙofa sai ta gudu. In na faɗa zai san ina rubuta maka. Zai san ka san na hannunsa. Wanda ya fi min nauyi shi ne, yaya zan dubi Baba in ce masa ka san abin da ka sa ni?

Ka ce ban yi laifi ba. Amma Kawu, hannuna ne ya shafa. Anti ta wuce jiya a mota ta ɗago mini hannu, na kasa ɗaga nawa. Alƙalamin da ta ba ni na kasa rubutu da shi.

In Baba ya fita cin abincin rana ina sauke ƙarfen dalma in jona, in ɗauko kati daga maƙabarta in gwada. Dalmar tana dunƙulewa kamar kashin awaki. Na ƙona yatsa biyu, na ce wa Umma tukunya ce. Ina tunanin in na iya, ko zan gyara na Anti ba tare da kowa ya ji kunya ba. Amma ban san yadda zan karɓo shi ba, kuma ban iya ba.

Asabar ta sama za a kawo katuna biyun. Ban san ko amsarka za ta riga su ba.

'Yar yayarka


29 ga Mayu

Shiru-shiru,

A gurguje nake rubutu, mai kai takardu yana jirana. Ina lafiya.

Ki ɗora mini. Ki ce ni na tambaye ki, ni na matsa miki, ni na ce a faɗa masa. In ba za ki iya magana ba, ki ajiye takardata a ƙarƙashin gilashinsa ki fita. Fushinsa ba baƙo ba ne a wurina, na saba ɗauka. Kada ki yi ƙoƙarin gyarawa a ɓoye. Ɓoyewar ce ta kawo mu nan. Ki sa wa yatsun magani, kuma ki riƙe ƙarfen kamar biro, ba kamar wuƙa ba.

Kawunki


16 ga Yuni

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu lafiya. Yatsun sun warke. Takardarka ta zo kwana uku bayan na riga na faɗa masa, ban samu ɗora maka komai ba.

Ran Asabar mutanen suka kawo katunansu da safe suka tafi. Na kwance na farko. Baba ya jera sirinji da murfin roba da jan farce, ya ajiye tsinken auduga a gabana ya ce bismillah. Sai na ga hannayena sun koma baya da kansu.

Ya ce, "Ɗauki mana."

Ban ɗauka ba. Ina kallon farantin sukurori na ce, "Baba, yana cin dalma."

Ya juyo ya dube ni. Can ya ce, "Wa ya faɗa miki?"

Na ce Kawu.

"Kawu yana ruwa."

Na ce takarda nake masa, tun watan Maris.

"Ke da ba kya iya ce wa baƙo sannu da zuwa." Ya ja kujera ya zauna. "Me kuma kika faɗa masa?"

Na ce ban faɗa ba sai da ya gane da kansa. Na ce ka ce ba ka taɓa ganinsa da hannu a aljihu ba.

Sai ya fito da su ya ɗora a tebur. Muka zuba wa na daman ido mu biyu, yana ta motsinsa. Ya ce, "Na ce wata biyu rawar za ta daina. In kira Anti in ce zan duba mata, in gyara, babu wanda ya sani." Ya dubi sirinjin. "Wata biyun ya wuce ban kira ba. Har na sayo wani sirinjin." Hawayena suna ta zuba a farantin. Ya ce in share kada sukurorin mutane su yi tsatsa, in sa takalmina.

Ya rufe shago da rana tsaka muka tafi ofishinsu Anti, ina rungume da katin kwamfutar shago. Hawa biyu ne, ɗaki ɗaya babba, su biyar a ciki har da masu katunan nan. Na ɗauka zai kira ta waje. A gabansu ya tsaya. Ya ce, "Ki kashe kwamfutar nan yanzu. Na yi miki aikin da na san ba shi da kyau. Hannuna ya lalace, na ɓoye, na sa yarinyar da ba ta sani ba ta yi." Ya ɗaga hannun kowa ya gani.

Anti ba ta ce sannu ba. Ta kashe kwamfutar tukuna. Ta ce, "Aikin wata uku ne a cikin nan, Mai Gyara. Na yi maka addu'a a shagonka ka ce amin." Baba ya ce haka ne. Ta ce, "To wa zai gyara, tunda kai ba ka iyawa?" Ya nuna ni da haɓa. Ta dube ni ta ce, "Kin iya?"

Na ce, "Ban iya ba tukuna."

Baba ya ce ta ba mu kwana tara, ta yi aiki da katin shago kafin nan. Ta daɗe tana kallonmu, sannan ta matsa ta ba ni wuri na kwance. Ɗaya daga cikin mutanen ya biyo mu ya karɓe katinsa. Ɗayan ya ce nasa ya zauna, yana so ya ga ƙarshen abin.

Kwana taran nan a maƙabarta muka yi su. Da na sauke ƙarfen daga ƙusa Baba ya ce, "Ai kin san hanya. Kin ɗauka hancina ma rawa yake? Sati biyu ina dawowa ina jin warin dalma." Ya ce ƙarfe ba ya kai dalma, wurin ake zafafawa ita ta zo da kanta. In na yi ya duba da gilashi ya ce cire. Na cire ya fi sau sittin. Sau ɗaya ya miƙo hannu zai gyara mini riƙo, ya fasa, ya faɗa da baki.

Ran na tara Anti ta zo ta ce a gabanta za a yi. Ina fara gogewa da sifirit, mai gadin tsakiya ya zame ya biyo audugar. Ƙarƙashinsa kamar toka. Na kwashe tsohuwar dalmar, na sa sababbi uku, na liƙa uku a kansu. Na ƙarshen ya ɗan karkace. Baba ya duba ya auna da mita ya ce zai yi aiki, amma in cire. Na cire na sake. Hoton gidan ya fito a minti talatin da biyar. Anti ta ce mini sannu da aiki, ta shafa kaina. Da Baba sallama kawai ta yi. Ya ce ta yi daidai.

Maganar ta zaga. Satin nan mutum uku kaɗai suka shigo, biyu ƙura suka kawo a busa. Wani ya leƙo don ya ga hannun kawai, Baba ya nuna masa ya ce ko yana so ya ɗauki hoto. Ran Talata sun je asibiti da Umma, an ɗebi jini, an ce su koma bayan sati biyu. Ban san abin da za a ce ba.

A shago nake rubuta wannan, a kan teburin. Baba ya ce in rubuta maka cewa har yanzu ba ka koyi tambayar "ina" ba kafin ka ba da amsa. Na ce in rubuta haka? Ya ce rubuta. Ya ce kuma dalmar da muke da ita mai kauri ce, ta hannunsa ce. In ana samun siririya a tashoshin da kuke tsayawa ka aiko, da ɗan hantsaki mai ƙaramin baki. Ya ce ka daina wahalar da Direba, ka aiko ta adireshin shago.

Umma tana gaishe ka.

'Yar yayarka